Tarihin Fim Ɗin "In Da So Da Ƙauna" da Dalilan Karɓuwar Irinsa a Karkara

3.1 Gabatarwa

Wannan babi zai waiwayi tarihin ɗaya daga cikin finafinan bidiyo na farko-farko da aka shirya da Hausa, wato In Da So Da Ƙauna. Haka kuma zai yi ƙoƙarin fito da dalilan da suka sa irin wannan fim, wanda ake shiryawa da ɗan ƙaramin jari, ya samu shiga zukatan masu kallo har a ƙauyuka irin su Bagega ta ƙasar Anka, inda babu gidan silima.

3.2 Yanayin da Ya Haifar da Fim Ɗin

Hausawa sun fara sanin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi, wanda Turawan mulkin mallaka suke yawo da shi gari-gari don wayar da kai. A shekarar 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, daga baya kuma 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigo da finafinan Indiya, waɗanda suka mamaye gidajen silima na Arewa. An yi yunƙurin shirya finafinan Hausa na silima, kamar Shaihu Umar wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma irin wannan aiki yana cin kuɗin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sai wannan hanya ta ƙara tsukewa.

Kyamarar bidiyo ce ta buɗe wata ƙofar. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, sannan Gimbiya Fatima a 1992. A daidai wannan lokaci ne kuma littattafan soyayya suke tashe a Kano, cikinsu har da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. A 1994 aka mayar da littafin fim.

3.3 Jigon Labarin

Labarin ya ginu ne a kan Sumayya, 'yar masu hali, wadda ta kamu da son Muhammad, saurayi talaka. A gida kuwa an fi son ta auri Abdulƙadir saboda dukiyarsa. Da aka matsa mata lamba, sai ta faɗa rijiya. Wato ke nan labarin ya haɗa abubuwa biyu: soyayya da fargaba. Mai kallo ya san wanda yarinyar take so tun daga farko. Abin da yake riƙe shi a zaune shi ne ko za ta rayu, kuma ko iyaye za su sauko.

3.4 Dalilan Karɓuwa

Dalili na farko shi ne harshe. Bahaushe ya daɗe yana kallon finafinan Indiya yana fahimtar labari ta hanyar motsi da waƙa kawai. Masani Brian Larkin ya nuna a maƙalarsa ta 1997 cewa abin da ya ja Hausawa ga waɗannan finafinai shi ne rikicin zaɓin miji tsakanin 'ya'ya da iyaye. To sai ga wannan rikici an kawo shi da bakin gida, har tsohuwa a cikin ɗaki tana jin kowace kalma.

Na biyu, ƙarancin kuɗin da ake gani kamar naƙasu ya zama alheri. Da yake masu shirya finafinan wancan zamani ba su da halin gina wurin ɗaukar hoto, sai su ari gidajen jama'a, 'yan wasa kuma su zo da tufafinsu. Saboda haka zauren da mai kallo yake gani, da tabarma, da rijiya, duk irin na gidansu ne. Wannan ya sa ake yafe duhun hoto da rawar sauti.

Na uku, kaset ya isa inda silima ba ta isa ba. Ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum suna ƙarƙashin Jihar Sakkwato ne har zuwa 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, kuma suna nesa da gidajen silima na birane. Kaset kuwa daga hannun dillalan Ƙofar Wambai a Kano yake fitowa, ya bi 'yan kasuwa har karkara, ba ya buƙatar komai sai bidiyo da talabijin da ɗan janareta. Bugu da ƙari, matan aure da 'yan mata, waɗanda zuwa silima abin kunya ne a gare su, sun samu damar kallo a cikin gida. Wanda bai iya karatun boko ba, da sai dai a karanta masa littafin, yanzu ya ga labarin da idonsa.

Na huɗu, auren dole ba baƙon abu ba ne a birni da ƙauye. Fim ɗin ya ba yarinya damar ganin damuwarta a fili, ya kuma nuna wa iyaye inda tilas take iya kai 'yarsu, ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

3.5 Abin da Ya Biyo Baya

Fitowar Sangaya a ƙarshen shekarun 1990 ta karkatar da kasuwa zuwa ga waƙa da rawa, sai finafinan farko suka fara shiga inuwa. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a Oktoba 1999, aka kuma rufe gidajen silima na jihar. Kano ma ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Daga baya faifan CD ya ture kaset, wayar hannu kuma ta ture faifai.

3.6 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa karɓuwar wannan fim ta samo asali ne daga harshensa, da jigonsa, da kuma sauƙin isarsa ga jama'a. Sai dai kaset abu ne da zafi da ƙura suke lalatawa, na'urar kunna shi ma ta yi wuyar samu. Don haka ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'i su tattara waɗannan finafinai na farko su adana su, tun waɗanda suka shirya su da waɗanda suka kalle su suna raye.