Tarihin Kududdufi a Ƙasar Gumel

Kududdufi rami ne da ke saura bayan an haƙi ƙasar gini. A garuruwan ƙasar Gumel, irin su Ɗanzomo da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda babu kogi, a cikinsa ruwan damina yake taruwa tun zamanin kakanni. Kududdufin yakan tare ambaliya, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa, sauran ruwan ya nutse cikin yashi ya ciyar da rijiyoyi.

Da bulon siminti ya yaɗu, sai aka riƙa cike kududdufai da shara ana gini a kai. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, magudanun siminti suka ƙaru a gefen tituna, amma ledoji sukan toshe su, ruwan ƙazanta ya kwanta kusa da rijiyoyi.