Kumburin fankiriyas: daga duban gaɓa zuwa duban majiyyaci

Fankiriyas ita ce gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, mai fitar da insulin da ruwan narkar da abinci. Idan ta kumbura farat ɗaya, galibi saboda tsakuwar matsarmama ko shan barasa, kusan kashi 80 cikin ɗari na majiyyata sukan tashi cikin 'yan kwanaki. Sauran su ne ke hana mu likitoci barci, kuma fiye da shekara ɗari ke nan ana neman hanyar gane su da wuri. A ganina, babban ci gaban da aka samu shi ne ɗauke ido daga kan gaɓar a mayar da shi kan mai gaɓar.

Reginald Fitz, a Boston a 1889, ya kasa cutar gida uku: mai zubar jini, mai mugunya da mai ruɓewar nama. Aiki ne mai daraja, sai dai yawanci a jikin gawa ake ganin wannan bambanci. John Ranson ne ya kawo lissafin bakin gado a 1974 da alamomi 11, biyar ranar kwanciya, shida bayan awa 48, sannan Clement Imrie ya fito da irin nasa a Gilasgo a 1978. Aibinsu ɗaya ne: kafin lissafi ya cika, kwana biyun da suka fi muhimmanci sun wuce. Ma'aunin Emil Balthazar na 1990 ya dogara da hoton CT, amma hoton da aka ɗauka kafin kwana uku yakan ɓoye girman naman da ya mutu. Yawan sinadarin lifes na fankiriyas a jini kuwa yana tabbatar da cutar ne kawai, ba ya faɗin tsananinta.

Shi ya sa gyaran da aka yi wa matsayar Atlanta ta 1992 kan rarraba tsananin cutar a shekarar 2012 ya fi gamsar da ni. Tambayarsa: shin huhu, ƙoda ko zagayawar jini sun gaza, kuma har tsawon wane lokaci? Idan babu gazawa kuma babu wata matsala, ciwon mai sauƙi ne. Gazawar da ta lafa kafin awa 48 matsakaiciya ce, wadda ta zarce haka mai tsanani. Masu suka na cewa wannan ba hasashe ba ne, ihu ne bayan hari. Suna da hujja, domin ana buƙatar hasashe don sanin wanda za a kai ɗakin kulawa ta musamman, kuma ma'aunin BISAP na 2008, mai alamomi biyar a awa 24 na farko, yana taimakawa. Amma dukkan waɗannan ma'aunai sun fi iya nuna wanda ba ya cikin haɗari a kan wanda zai tagayyara. Wasu kuma na ganin an raina shigar ƙwayoyin cuta cikin mataccen nama; wannan gaskiya ne, ko da yake haɗarin mutuwa yana ƙaruwa sosai ne idan ya haɗu da gazawar gaɓoɓi.

Don haka, abokin aiki, lissafa makinka, amma ka koma bakin gado kowane 'yan sa'o'i ka duba numfashi, bugun zuciya da yawan fitsari.