Sa'a Ɗaya, Jirgi Ɗaya: Tarihin Cunkoso a Bakin Tafkin Kainji

'Yan uwa, idan aka ce cunkoso, hankalinmu kan tafi Legas ko Kano. Amma mu mutanen Ngaski, Yawuri da Shanga mun san wani cunkoson da ba a kan kwalta yake ba. Nasa wurin shi ne bakin ruwa, da sassafe ranar kasuwa, da kuma bayan la'asar idan kasuwa ta fara watsewa.

Kafin a gina madatsar ruwa ta Kainji, Kuwara kogi ne mai gungu-gungu. Gungawa na zaune a tsibiransu suna noman albasa, kuma kusan kowane gida da kwale-kwalensa. Wanda ya shirya ya ɗauki filafili ya haye. Babu wanda ke jiran wani, don haka tashin mutane a warwatse yake.

An fara aikin madatsar a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya cika, ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da dama, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Kogi ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. Ƙaramin kwale-kwale ya daina isa ga doguwar hayewa, sai aka koma ga manyan jirage masu inji. Daga nan lokacin tafiya ya bar hannun mai tafiya, ya koma hannun mai jirgi, wanda ba ya tashi sai ya cika.

Kowa na son isa kasuwa da hantsi, kafin a kwashe kaya masu kyau. Kowa na son komawa gida kafin duhu, musamman da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta haramta tafiyar dare. In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Sai jama'ar ƙauyuka da yawa su taru a sa'a ɗaya, a kan jirgi ɗaya.

Mun ga ƙarshen abin da idonmu. Ranar Laraba, 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ke zirga-zirga tsakanin gaɓar jihar Neja da Wara ya tarwatse a tsakiyar ruwa, ɗauke da mutane fiye da 150. Kimanin 20 kawai aka ceto. An yi ta maganar tsufan jirgi da yawan lodi, kuma gaskiya ne. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: me ya sa dukansu suka shiga wannan jirgin a lokaci guda?

A 1967, ana tsakar gina Kainji, wani kamfanin ƙera jiragen sama a Ottobrunn, kusa da Munich a Jamus, ya fuskanci irin wannan tambaya. Ma'aikata na zuwa a lokaci ɗaya, hanyar shiga na toshewa. Sai aka yanka wasu sa'o'i na tsakiyar yini da dole kowa ya kasance a bakin aiki, aka bar wa mutum zaɓin lokacin zuwa da na tashi. Tsarin ya bazu a Turai. A 1969 kuma masanin tattalin arziki William Vickrey ya nuna cewa layin da ake yi a matsattsiyar hanya yana tasowa ne daga son kowa ya isa a lokaci guda.

Kakanninmu sun riga su gane haka a tsarin mako. Shi ya sa kowane gari da ranar kasuwarsa, don kada 'yan kasuwa su rasa inda za su nufa, kada kuma a taru wuri ɗaya. Abin da ya rage mana shi ne raba sa'o'in ranar kanta: masu ɗanyen kifi su yi gaba, masu hatsi su biyo, masu sayayya su zo a sahu na uku.

Wannan ba zai yiwu a banza ba. Mai jirgi da ya tashi bai cika ba ya yi asarar kuɗin mai, mai sayayyar da ya makara yana tsoron tarar da saura. Sai sarakunan kasuwa, ƙungiyoyin masu jirage da masu unguwanni sun zauna sun yarda da sahu-sahu da kuɗin da zai riƙe kowane sahu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ruwan Wara, Ya tsare masu hayewa.