Goyon Ƙirji: Abin da Bincike Ya Nuna Game da Ceton Bakwaini

Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Matsalolin haihuwa kafin lokaci suna kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ɗaya daga cikin manyan matsalolin shi ne sanyi. Bakwaini ba shi da kitse, fatarsa kuma ba ta da kauri, don haka ɗumin jikinsa yakan tafi da sauri.

Goyon ƙirji shi ne a ɗora jariri tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure shi da zane, a riƙa ba shi nonon uwa zalla. Likitoci suna kiransa kulawa irin ta kangaru, wata dabba a Ostireliya wadda take renon ɗanta cikin wata jaka a cikinta.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1978, a wani babban asibitin haihuwa a Bogota, babban birnin Kolombiya, jarirai sun yi wa kwalaben ɗumama jarirai yawa. Akan sa biyu ko uku a kwalba ɗaya, cuta tana bi daga wannan zuwa wancan. Sai likitan yara Edgar Rey Sanabria ya fara mayar da jariran da suka ɗan yi ƙarfi ƙirjin iyayensu mata. Rashi ne ya haifi dabarar, shi ya sa likitoci da yawa suka ɗauke ta a matsayin maneji na matalauta.

Yadda aka gwada shi

Labari mai daɗi bai isa hujja ba. Masu bincike sukan raba jarirai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kowane gida ya sami irin tasa kulawa, sa'an nan a kwatanta sakamako. Likita Nathalie Charpak da abokan aikinta sun yi haka a Bogota da jarirai 746, aka buga sakamakon a 1997. Waɗanda aka goya a ƙirji ba su fi na kwalba mutuwa ba, cututtuka masu tsanani sun ragu a cikinsu, an kuma fi shayar da su nono. A 2016 aka tattara bincike 21 daga ƙasashe dabam-dabam, aka ga goyon ƙirji yana rage mutuwar ƙananan jarirai da kimanin kashi 40 cikin 100.

Amma akwai saura. Kusan duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne da jariran da aka jira suka farfaɗo tukuna, jiran da kan ɗauki kwana uku zuwa bakwai. Alhali yawancin bakwainin da suke mutuwa, a cikin waɗannan kwanakin farko suke mutuwa.

Binciken da ya canja ƙa'ida

Don amsa wannan tambaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya gwaji a asibitoci biyar: Ile-Ife a Nijeriya, Kumasi a Gana, da ɗaya-ɗaya a Indiya, Malawi da Tanzaniya. An ɗauki jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. Rabi an ɗora su a ƙirji tun daga haihuwa, aka sa wa uwa gado a ɗakin jinyar jarirai, ana ba ɗanta iska da magani yana jikinta, kusan awa 17 a rana. Sauran rabin aka bi da su yadda aka saba.

Cikin kwana 28 na farko, kashi 12 cikin 100 na waɗanda aka goya nan take suka mutu, a ɗaya gidan kuwa kashi 15.7. Mutuwa ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, domin bai kamata a ci gaba da hana wasu jarirai abin da yake ceton rai ba. An buga sakamakon a 2021. A watan Nuwamba 2022 Hukumar ta ba da sabuwar ƙa'ida: a fara goyon ƙirji nan da nan bayan haihuwa, awa 8 zuwa 24 kowace rana, sai dai in jaririn ya kasa numfashi da kansa ko yana bukatar a farfaɗo da shi.

Yadda ake yi

Mun saba da goyo a baya, amma wannan dabam ne. Ana sa wa jariri hula, safa da ƙunzugu kawai. A tsayar da shi tsakanin nonon uwa, ƙirjinsa a kan nata, kansa a juye gefe, haɓarsa a ɗan ɗage don numfashi ya wuce, ƙafafunsa a lanƙwashe kamar na kwaɗo. A ɗaure da zane, uwa ta rufa riga a kai. In za ta yi barci, ta jingina da matashi, kada ta kwanta shame-shame. Kada a yi gaggawar yi masa wanka, musamman da hunturu. Wanda bai iya tsotso ba, a tatsa masa nono a ba shi da ƙaramin kofi, yadda ma'aikacin lafiya ya nuna.

Iyakarsa

Goyon ƙirji bai maye gurbin asibiti ba. Duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, ma'aikacin lafiya ya duba shi. In ya ƙi shan nono, ko numfashinsa yana sauri ko yana tsayawa, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko yana jijjiga, ko ya yi shawara, a garzaya da shi asibiti yana nan a ƙirji.

Mai jego ba za ta iya wannan aiki ita kaɗai ba. Ƙirjin uba, na kaka ko na goggo ma yana ɗumama jariri sa'ad da uwa take wanka ko hutawa. Wanda ya ɗauke mata girki, wanki da ɗiban ruwa na 'yan makonni ya ƙara wa jaririn awoyi a ƙirji, waɗannan awoyin kuwa su ne maganin.