Jiragen da ke bakin ƙofar sansanin soja ba na roba ba ne

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a shafukanmu na Bagudo, wadda wani ɗan'uwanmu na tsallaken iyaka, can wajen Segbana ta Jamhuriyar Benin, ya jefo, yara kuma suka cafe suna ta yaɗawa. Wai jiragen yaƙin da ake dasawa a bakin ƙofar sansanonin sojin saman Najeriya na roba ne, an ƙera su don ado da tsorata talaka, ba su taɓa ɗagawa daga ƙasa ba. Malam, da ka tambaya kafin ka rubuta, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Waɗannan jirage da ake gani a sansanoni irin na Kaduna da Makurɗi na gaske ne. Idan jirgi ya gama aiki, sai a tsiyaye mansa, a kwance makamansa, a cire nakiyar da ke ƙarƙashin kujerar matuƙi wadda ke cilla shi waje idan hatsari ya zo, sau da yawa a fitar da injin, a yi masa fenti, a ɗora shi a kan dakali ko ginshiƙi. Abin dariyar ma shi ne, inda ake dasa na kwaikwayo Ingila ce. Bayan yaƙin duniya na biyu sun jera Spitfire da Hurricane na ainihi a ƙofofin sansanoninsu, ruwa da sanyi suka yi ta cin su, sai a ƙarshen shekarun 1980 suka fara kwashe su suna maye gurbinsu da waɗanda aka zuba da roba. Namu dai ƙarfe ne da ya sha hayaƙi.

Kun san dai jirgin sama ya fara sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojin saman Ingila da suka taso daga Masar. Rundunar sojin saman Najeriya kuwa sai a Afrilun 1964 doka ta kafa ta, kuma Jamus ta Yamma ce ta raine ta. Shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, sai Kanar Wolfgang Thimmig ya gaje shi, kafin George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta a 1966. An tura samarin farko Habasha da Kanada da Indiya koyon tuƙi. Jiragen da Jamusawa suka kawo Kaduna, irin su Piaggio 149 da Dornier 27, masu farfela ne na koyo da ɗaukar saƙo. Wato ranar da yaƙin basasa ya ɓarke, 6 ga Yuli 1967, gwamnatin tarayya ba ta da jirgin faɗa ko ɗaya.

Biyafara ce ma ta riga mu hawa sama. Tun a watan Afrilu sun karkatar da wani jirgin fasinja na Nigeria Airways, ƙirar Fokker 27, suka kai shi Inugu. Sannan suka sayo tsohon jirgin jefa bam na Amurka, B-26, aka zana masa bakin kifi mai haƙora a hanci, wani sojan haya ɗan ƙasar Folan mai suna Jan Zumbach yana tuƙa shi. Zumbach ba ƙaramin matuƙi ba ne, ya yi wa Ingila faɗa da Jamusawa a yaƙin duniya, ya kuma yi haya a Katanga. Wannan jirgi ɗaya tilo ya kai hari filin jirgin Makurɗi a watan Yuli, a watan Agusta kuma har Kano sai da ya leƙa. Shi kuwa Fokker ɗin, an mayar da shi mai jefa bam, ya tarwatse a sararin Legas a farkon Oktoba na shekarar.

Janar Yakubu Gowon ya nemi jiragen yaƙi wajen Ingila da Amurka, suka hana. Sai ya juya wajen Tarayyar Sobiyet, wadda ta daɗe tana neman ƙofar shiga ƙasar nan. A watan Agustan 1967 manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov 12 suka fara sauka filin jirgin Kano ɗauke da MiG-17 da MiG-15 na koyo, a wargaje, fukafukai daban gangar jiki daban. A Kano aka harhaɗa su. Kusan lokaci guda L-29 Delfin suka iso daga Cekoslobakiya. Duk ɗan arewa ya riƙe wannan: tarihin jirgin faɗa na Najeriya a Kano ya fara.

Yanzu ku ba ni dama in tsaya kan gwanina, MiG-17, domin ni dai a duk jiragen da ƙasar nan ta taɓa mallaka babu wanda ya kai shi shiga raina. Sunan ya fito ne daga maƙeransa biyu, Artem Mikoyan da Mikhail Gurevich. Ya fara tashi a 1950, ya shiga aiki a 1952, an ƙera fiye da 10,000 idan aka haɗa da na Folan da na Sin. Alamarsa a fili take: buɗaɗɗen baki a gaba inda yake shaƙar iska, fukafukai da suka karkata baya, da wutsiya doguwa wadda ƙananan fukafukanta ke can sama. A ƙarƙashin haɓarsa igwa uku ce, ɗaya mai milimita 37, biyu masu milimita 23. Harsashin babbar idan ya samu mota, sai dai a tattara ƙarafa. Gudunsa ya haura kilomita 1,100 a awa. Kuma dabarar da aka yi wa bindigoginsa ta burge ni ƙwarai: dukkansu a kan faranti ɗaya suke, bakanike ya sassauta ya sauko da shi ƙasa, ya zuba harsashi, ya mayar, cikin ɗan lokaci jirgi ya sake tashi.

Ga wani abin mamaki. Injinsa, Klimov VK-1, jikan injin Rolls-Royce Nene ne, wanda Ingila da hannunta ta sayar wa Rasha a 1946, Rashawa suka kwaikwaya suka ƙara masa ƙarfi. To Ingilar da ta hana Gowon jirgi, fasaharta ce ta zagayo ta Mosko ta sauka Kano. A shekarun nan dai matuƙan Biyetnam ta Arewa suna amfani da irin wannan jirgi suna kakkaɓo F-105 da F-4 na Amurka, waɗanda suka fi shi gudu da tsada nesa ba kusa ba. Sirrinsa shi ne juyi da juriya. Jakin Kano ne a sama, ba ya son shagwaɓa, ƙura da zafi ba sa hana shi aiki.

Amma so ba ya hana faɗin gaskiya, yana da aibi. Mansa ba ya kai shi nesa, shi ya sa aka riƙa matsar da shi gaba duk lokacin da aka kama gari mai filin jirgi: Makurɗi, birnin Benin, Inugu, Kalaba, Fatakwal. Irin wanda muka samu kuma na rana ne, ba shi da na'urar hango jirgi cikin duhu. Da farko ma ba mu da isassun matuƙa, Misirawa ne suka riƙa tuƙa shi, daga baya sojojin haya suka shigo, kafin 'ya'yanmu su karɓa. A 1968 aka ƙaro manyan masu jefa bam, Ilyushin 28, daga Masar da Aljeriya. Bama-bamai sun faɗa kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara, farar hula da yawa sun mutu, kuma wannan tabo ne da ke jikin tarihin. Wanda ya tsaya gaban jirgin nan ya yi alfahari, ya kuma tuna da waɗannan rayuka.

Rashin ganin daren nan shi ya raya Biyafara. Bayan ta rasa filayen jiragenta, sai ta faɗaɗa wani yankin titin mota a Uli ta mai da shi filin sauka. Da rana tsit, da dare jiragen agaji da na makamai su yi ta sauka, ana kunna fitila na ɗan lokaci a kashe. Dole sojin tarayya suka koma ɗora bam a tsohon DC-3 yana shawagi a kan Uli cikin dare. To ɗan'uwana na Segbana, nan ƙasarku ta shigo labarin. A farkon 1969, zamanin Shugaba Emile Zinsou, Dahomey ta bar ƙungiyar Red Cross ta riƙa tashin jiragen agaji daga Kwatano zuwa Uli, abin da bai yi wa Legas daɗi ba. A ranar 5 ga Yuni 1969 MiG-17 ya harbo wani DC-7 na Red Cross kusa da Eket, duniya ta yi ca a kan Najeriya, jigilar Red Cross ɗin kuma ta tsaya. Jirgin roba ba ya jawo irin wannan hayaniya.

Tun da na ambaci Benin, bari in raba wata gardama da na gani a ƙarƙashin wancan rubutu, inda wani ya ce ai Najeriya ta kai wa Jamhuriyar Benin hari a yaƙin basasa. Birnin Benin na jihar Edo ake nufi. Maƙwabciyarmu Dahomey take a lokacin, sai a ƙarshen Nuwamban 1975 Mathieu Kerekou ya sauya mata suna. Abin da ya rikita wasu shi ne, a Satumban 1967 sojojin Biyafara da suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma sun ayyana wata Jamhuriyar Benin a wancan birni, wadda ba ta wuce kwana ɗaya ba dakarun Murtala Muhammed suka shigo.

Mu koma kan gwanina. Ranar da ya fi shan kunya a ƙasa ta same shi. Wani basaraken Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya samo ƙananan jirage biyar na koyon tuƙi, MFI-9, aka harhaɗa su a Gabon, aka ɗaura musu rokoki a ƙarƙashin fukafukai. Suna tafiya dab da kan itatuwa, ba a jin su sai sun iso. A ranar 22 ga Mayu 1969 suka dira Fatakwal, bayan kwana biyu birnin Benin, sannan Inugu, suka lalata jirage a inda suke ajiye, har da MiG da Ilyushin. Darasin da aka koya ranar nan shi ne jirgin da ke ƙasa, komai tsadarsa, ba shi da mai kare shi sai mai gadi da ido a buɗe.

Ba zan wuce ba sai na gaishe da Kanar Shittu Alao, wanda ya riƙe rundunar daga 1967. Shugaba ne da ke hawa jirgi da kansa. A ranar 15 ga Oktoba 1969 ya rasu a hatsarin L-29 a Uzebba, yana da shekara 32, wata uku cur kafin a ajiye makamai a ranar 15 ga Janairu 1970. Barikin soja na Keffi sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ya biyo baya kun san shi. A tsakiyar shekarun 1970 MiG-21 ya zo ya zauna Makurɗi. A farkon shekarun 1980 aka sayo Alpha Jet, wanda ya yi aikin ECOMOG a Laberiya da Saliyo, ya dawo ya yi na Boko Haram. Jaguar 18 daga Ingila suka fara isowa a 1984, ba su yi shekara goma suna tashi ba rashin kuɗin gyara ya zaunar da su, wannan kuwa takaici ne na wata rana. An harhaɗa Air Beetle a Kaduna. F-7 na Sin a 2010, Tsaigumi marar matuƙi a 2018, JF-17 uku da Super Tucano 12 a 2021. Su Tucano a Kainji suke, nan ƙasa da mu idan ka bi kogin Kwara ta Yawuri zuwa Bussa. A ranar 7 ga Disamba 2025 kuma, da wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da Shugaba Patrice Talon na Jamhuriyar Benin, jiragen Najeriya ne suka tashi zuwa Kwatano bisa roƙon gwamnatinsa. Wannan ko a kasuwar Tsamiya an ji labarinsa.

Mai son gani da idonsa, gidan tarihin yaƙi na Umuahia, wanda aka kafa a 1985, yana da MiG-17 da Ilyushin 28, ga kuma ɗan ƙaramin jirgin Biyafara a harabar guda, maharbi da abin harbinsa. Ƙorafina ɗaya ne: rana da ruwa suna cin waɗannan jirage, kuma yaro zai wuce su bai san komai a kansu ba idan babu allo a gefe mai faɗin shekarar zuwansu da inda suka yi aiki da waɗanda suka tuƙa su. Ina roƙon rundunar sojin sama ta rubuta irin wannan allo da Hausa da Turanci, kada kuma a bari ko ɗaya ya faɗa hannun 'yan gwangwan. Ina kuma roƙon gwamnatin Kebbi ta nemi guda ɗaya cikin waɗanda suka yi ritaya a dasa shi a hanyar filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, domin yaran Bagudo da Illo da Ka'oje su gani a kusa. Wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi aikin sojin sama a wancan zamani, ya rubuto mana abin da ya ji daga bakinsa. Kai kuma ɗan'uwa na tsallake, ka goge wancan rubutu, zumunci na nan.