Coci da Zaman Lafiya a Ƙasar Arewa: Daga Ina Aka Faro?

A watan Yunin 2024 'yan bindiga suka kashe sojoji shida masu gadin bututun mai a yankin Tibiri na jihar Dosso ta Nijar. Ga kuma mayaƙan Lakurawa suna kai da komo a iyakar Sakkwato da Kabi. Yanzu ba Musulmi ba Kirista, kowa a Dogon Dutsi yana lissafin hanya kafin ya fita cin kasuwa. Halin da ake ciki ke nan har ake tambayar wace rawa coci-coci ke takawa.

Ƙasar Mawri, wato Arewa ta Nijar inda Dogon Dutsi yake, ta daɗe ba ta bin addini ɗaya. Akwai Sarauniyar Lugu, wadda ta yi fito-na-fito da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, akwai Bauran Bagaji, akwai 'yan bori, sannan ga sarautar Matankari. Musulunci bai game talakawa ba sai cikin ƙarni na 20.

Cikin wannan cakuɗa 'yan mishan suka sauka. Ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, daga baya ta kai Dogon Dutsi da Gesheme. Katolika kuma suka kafa mishan a Dogon Dutsi a shekarun 1940. Makaranta da magani su suka fi wa'azi tasiri, domin yara da yawa sun yi karatu a mishan suka fito da Musuluncinsu. Waɗanda suka karɓi Kiristanci kuwa 'yan gida ne, Hausa suke yi, gandu ɗaya suke nomawa da 'yan'uwansu.

A nan nake ganin bakin zaren yake. Wasu na cewa ƙarancin Kiristoci ne ya sa ba a tsangwamarsu. To, ai a Damagaram ma 'yan kaɗan ne, amma ranar 16 ga Janairun 2015 aka banka wa coci-cocinsu wuta saboda zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, wanda ba su da hannu a ciki. Washegari Yamai ta ɗauka: 'yan sanda sun ƙirga coci 45 da aka ƙona, mutum goma suka mutu a biranen biyu. Wasu kuma na yaba wa kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai, wato CDIR. Suna da amfani, ba na musu. Sai dai zumunci ya girme su: wanda ya je maka suna da jana'iza, kakanku ɗaya, da wuya ya kai ashana ɗakin ibadarka. Har rigimar addinin da manazarciya Adeline Masquelier ta rubuta a kai a Dogon Dutsi, a shekarun 1990, tsakanin 'yan Izala ne da malaman gargajiya.

Abin da shugabannin coci suka yi a 2015 ya cancanci a tuna. Bishop-bishop na Katolika, ciki har da Michel Cartatéguy na Yamai da Ambroise Ouédraogo na Maraɗi, sun dakatar da ibadar Lahadi don kare rayuka, suka kira mabiyansu ga yafiya. Ba a ji ramuwar gayya ba, kuma an ji maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu.

Damuwata ita ce barazanar yau ba ta san dangi ba. Waɗanda suka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga cikin Satumban 2018, suka riƙe shi shekara biyu, ba 'yan unguwa ba ne. Mai zuwa bisa babur daga daji ya karɓi shanu da sunan zakka bai damu da wa ya haifi wa ba. Ina son in ga fastocin cocin EERN da limaman Katolika na Arewa sun zauna da limaman Juma'a da hakimai da ardo-ardo kan burtali da rijiyoyin Dallol Mawri, domin ta ɓarakar manoma da makiyaya waɗannan mutane ke samun 'yan rakiya.