Bakteriya a Tarihin Sana'a da Magani: Waiwaye Kan Kalmar "Ƙwayar Cuta"

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce bakteriya, fassarar da ta fi saurin zuwa bakin Bahaushe ita ce "ƙwayar cuta". Wannan maƙala za ta bi tarihin waɗannan halittu domin nuna cewa sunan ya ɗauki ɓangare guda ne kawai na aikinsu.

2.0 Sani Kafin Suna

Tun kafin a ga bakteriya da ido, Hausawa ke cin moriyarsu. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar rini na cikin manyan sana'o'in birnin. Marini kan zuba baba da toka a ramin karofi, ya jira kwanaki har ruwan ya nuna. Sinadarin shuni ba ya narkewa a ruwa, sai bakteriya masu jure kaifin toka sun sauya shi, sannan ya kama zare. In an tsamo tufa ta sha iska, sai launin ya fito. A 2004 masana a Japan suka ware irin waɗannan halittu, jinsin Alkalibacterium, daga ruwan rininsu na gargajiya.

Haka abin yake ga daddawa. Bayan an dafa kalwa an wanke, akan rufe ta kwana biyu ko uku. Binciken S. A. Odunfa na Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1980 ya nuna jinsin Bacillus ne ke wannan aiki. Su ma nono da kindirmo bakteriya ke tsamar da su.

3.0 Yadda Mummunan Suna Ya Samu

A 1676 Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya fara bayyana waɗannan halittu. A 1857 Pasteur na Faransa ya danganta tsamin madara da su, sannan a 1882 Koch na Jamus ya gano wadda ke haddasa tarin fuka. Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa ta hannun likitoci da duba-gari, don haka cuta aka fara sani. Amma a 1943, daga wata bakteriya mai zama cikin ƙasa aka samo sitireftomaisin, maganin farko da ya ci tarin fuka. Daga 1982 kuma aka fara sayar da insulin na masu ciwon sukari wanda bakteriya suka samar.

4.0 Matsayin Abuja

A 1987 aka kafa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu, a 2001 kuma hukumar bunƙasa fasahar halittu. A 2019 hukumar NBMA ta amince da waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar, wanda aka sanya wa ƙwayar gado daga Bacillus thuringiensis domin ya jure tsutsar da ke huda kwanso.

5.0 Kammalawa

Manomin da aka ce masa an haɗa irinsa da "ƙwayar cuta" ba zai shuka shi da natsuwa ba, haka ma majinyacin da aka faɗa wa daga ita aka samo allurarsa. Ya kamata masu ƙirƙirar kalmomi su keɓe "ƙwayar cuta" ga masu cutarwa, su bar "bakteriya" ta zama sunan jinsin baki ɗaya.